Agogon Gulma da Makullin Babur

Tun ranar da na sayi babur ƙafafuna sunka yi ritaya. Masallacin unguwarmu a Tambuwal, in liman ya yi tari ina jin shi daga zaurena, amma da babur nake zuwa. Teburin mai shayi yana bayan gidana, nan ma da babur. Tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta taɓa cewa da ƙofar bayi tana da faɗi da can ma sai an ji ƙarar inji. Na ce mata ta kawo shawara, zan yi magana da magini.

Kada a ce lalaci ne zalla, ko da yake akwai shi. Sana'ata dillancin dabbobi ce, kasuwar Kebbe kuma ita ce gonata. Wanda bai san dillanci ba zai ɗauka a kara ake yin shi, wurin da ake ɗaure tumaki da awaki. A hanya ake yin shi. Ranar kasuwa sai ka yi sammako ka tari masu dabbobi tun ba su iso gari ba, ka yi sallama, ka tambayi gida, ka tambayi ruwa, kana yi hannunka yana lallaɓawa har ya kama igiyar rago. Wanda ya riga kama igiya shi ke da ciniki, dillalin da ya zo daga baya sai kallo. Wanda ya biyo motar haya kuwa, kafin direba ya gama jiran fasinjan ƙarshe an kame igiyoyi, sai ya tarar da gurguwar akuya da tsohon bunsuru. Saboda haka babur ɗina da shi nake cin tuwo, da shi kuma ake ce mini sannu da zuwa.

Wata rana ina tsaye a kara sai na ga raguna sun koma bibbiyu. Da farko na yi murna, na ce kasuwa ta yi albarka. Sai ƙasa ta fara juyawa, na nemi gindin bishiya na zauna ba shiri. Kafin in koma gida labari ya riga ni, daga gida kuma ya wuce Sakkwato wurin ɗiyata ta fari, wadda bakina ba ya kiran sunanta. Malamar jinya ce a wani asibiti can. Ta sa anka kai ni, anka ɗaure mini damtse da wani ƙyalle mai kumbura, anka soki yatsa anka ɗebi jini. Likita ya ce jinina ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa yana sallama. Ya ce in rage gishiri, in rage tsire, in riƙa tafiya kullum. Na ce masa ai ina tafiya, har Kebbe nake zuwa. Ya ce da ƙafa yake nufi. Na dubi fuskarsa na ga ba wasa yake ba.

Ba a daɗe ba sai ga ɗiyar tawa a Tambuwal da wani ɗan kwali. Ta buɗe ta fiddo baƙin agogo na roba, siriri, fuskarsa baƙa wuluk, sai ka ɗaga hannu yake buɗe ido. A bayansa akwai wata 'yar koriyar wuta mai ƙyaftawa.

"Baba, kawo hannunka."

"Ina da agogo."

"Wannan ba irin naka ba ne. Wannan yana ƙirga takunka, yana jin bugun zuciyarka, yana sanin barcinka."

"Wa ya aike shi?"

"Ni."

Ta karɓi wayata ta zuba mata wani abu da suke kira manhaja. Karatuna na boko bai wuce aji biyu ba, ni da makaranta mun rabu ba faɗa, amma hoto ba ya neman karatu. Akwai wani zobe, in ka yi tafiya sai ya riƙa cika har ya zama kore, in ka zauna sai ya tsaya kamar jinjirin wata. Akwai jar zuciya mai layi a ƙarƙashinta. Akwai wata da taurari, wannan na barci ne. Ta ce agogo shi ke tara labari, in ya kusanci wayata sai ya zuba mata, wayata kuma ta aika wa tata a Sakkwato.

Sannan ta gyara zama, ta kira tsohuwata.

"Inna, zo ki zama shaida. Baba, ga sharaɗi. In zoben nan yana cika, babur naka ne. In na ga ba ya cika, zan zo da kaina in karɓi makulli."

"Ni za ki karɓe ma makulli? Ni da na kai ki makaranta bisa keke?"

"Shi ya sa a lokacin ba ka da hawan jini. Mu tafa."

Ta miƙo hannu. Shekara da shekaru ina haɗa hannun mai saye da na mai sayarwa, ina gaya musu in an tafa an tafa, ba tashi. Yarinyar nan tana ƙarama tana jina. Na miƙa hannu munka tafa, tsohuwa tana tsaye tana murmushin da ban so ba.

Na zauna da magulmata iri-iri a duniya, na kasuwa da na majalisa, amma kowannensu yakan yi barci, yakan tafi sallah. Wanga ba ya ɗaya daga ciki. In na zauna a majalisa hira ta fara daɗi, sai in ji zirr a hannu, in duba in ga wani ɗan mutum yana miƙa, wai in tashi. 'Yan majalisa sunka raɗa masa ɗan doka. Da marece kuma sai waya.

"Baba, yau zoben ko rabi bai kai ba."

"Baba, jiya barcinka bai yi nauyi ba. Shayi ka sha?"

"Baba, bayan la'asar zuciyarka ta yi gudu. Me ya faru?"

Abin da ya faru shi ne mai balangu ya buɗe takarda a gabana. Na ce mata wa'azi na ji, ya taɓa ni.

Kafin agogon nan, muryarta daga Juma'a sai Juma'a, fuskarta daga Sallah sai Sallah. Ba na ganin laifinta, aiki ne da 'ya'ya. Amma abin yakan ba ni dariya, wata rana kuma ba dariyar ba. Yarinya tana Sakkwato ta san sa'ar da na juya a kan gado, ba ta san rufin ɗakin yana yoyo a kan gadon ba. 'Ya'yan zamani sun sami hanyar duba iyaye ba tare da ƙura ta taɓa musu takalmi ba.

Na gwada dabaru. Na gane in ka kaɗa hannu yana ɗauka tafiya ce, sai na zauna a zaure ina kaɗawa kamar mai korar ƙuda. Kafin zobe ya motsa kafaɗa ta riƙe, sai da tsohuwa ta shafa mini man zafi tana tambayata wane gari na kai.

Na kuma gwada gaskiya, sau ɗaya. Bayan la'asar na fita da ƙafa na nufi bayan gari. Ban wuce kwanar unguwa ba mai faci ya taso. "Alhaji, mashin ɗin ya lalace? Kawo in duba." Na ce lafiya lau yake. Gaba kaɗan wani ya tsaya da nasa babur ya ce in hau. Na ce na gode, tafiya nake. "Ina zuwa?" Na ce ba ko'ina. Ya dube ni, ya yi mini addu'a, ya wuce a hankali yana waiwaye. Kafin magariba rabin Tambuwal sun ji na sayar da babur don talauci, sauran rabin sun ji kaina ya taɓu. A garinmu mai furfura ba ya tafiya ba inda za shi. Wanda ya ƙera agogon nan bai san wannan ba, don ba shi da maƙwabta.

Ana haka, zobe yana jinjirin wata, ɗiyata ta fara ambaton makulli a kowace waya, sai Allah ya kawo taubashina.

Ɗan gwaggota ne, a Kebbe yake zaune, manomi. Siriri ne kamar karan dawa, bai taɓa koyon tuƙa ko keke ba. Gonarsa tana can nesa da gari wajen fadama, kullum da ƙafa yake zuwa da ƙafa yake dawowa. Tun muna yara ni ina ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, har yau ba a yanke hukunci ba. Kowa ya san dokar taubasai: abin da ya ƙwace maka ya ƙwatu, ba fushi, ba kai ƙara. Hula, goro, abin da ke cikin kwanonka. Ya taɓa tafiya da sababbin takalmana daga ƙofar masallaci ranar wani ɗaurin aure, na koma gida da nasa, waɗanda anka yanko daga tayar mota.

Ran nan ina kara na ɗaga hannu zan buɗe bakin rago in nuna wa mai saye haƙora, hannun riga ya zame. Sai na ji murya a bayana.

"Kai bawa, mi kaka ɓoyo cikin hannun riga?"

"Abin da ya fi ƙarfin gidanku."

"Bawa da agogo? Wa ya ba ka izni? Duk abin da bawa ya samu na ubangidanai na. Kawo shi nan."

Ya cafke mini wuyan hannu. Mutane sunka taru suna dariya. Na yi kokawa daidai ta mutunci, na kira shi ɓarawo, na kira shi jikan masu tallan ƙuli. Da na ga ya kasa gane yadda ake kwance maɗaurin, sai na ɗan taya shi da yatsa ɗaya. Ya ɗaura a hannunsa, ya ɗaga sama, agogo ya buɗe ido, kara ta ɗauki sowa.

A lokacin hutu kawai nake nema. Na ce sati guda ba zirr, ba ɗan mutum mai miƙa. Da ɗiyata ta kira ta ce ba ta ganin komai, na ce mata sabis ne, garin nan sai a hankali. Wanda duk ya taɓa zama Tambuwal ba zai ƙaryata wannan ba.

Kasuwa ta zagayo. Ina isa kara taubashina ya taho yana taƙama da agogo, sai na ji waya tana rawa a aljihuna, ta ƙi tsayawa. Na fiddo na duba. Zobba a jere, duk kore shar, cike fal kamar faranti. Wasu taurari suna fashewa, ga hoton kofi irin wanda ake ba 'yan ƙwallo. Agogo ya haɗu da waya ya amayar da tafiyar sati guda, ta gona da ta fadama da ta masallaci, duk an rubuta da sunana.

Da marece waya ta yi ƙara.

"Baba! Baba, na gani! Wallahi na san za ka iya!"

Na yi gyaran murya na ce, "Ai abu in mutum ya sa kansa."

Ta gaya wa ƙannenta. Wanda ke Abuja, da bai kira ni ba tun azumi, ya kira ya ce yana alfahari da ni. Ita kuma ta aiko mini da takalman kambas farare na tafiya. Tsohuwata ta dubi takalman, ta dubi cikina, ta ce, "Ikon Allah. Mutum shina ta tafiya, cikinai kuma shina ta gaba." Na ce mata kumburin lafiya ne.

Daga nan abu ya zauna da gindinsa. Duk ranar kasuwa sai in ƙwato agogon a gaban mutane, in kai wurin mai cajin waya tare da wayata, su ci wuta su yi hirarsu. Kafin in tashi sai in bar hannuna a fili, shi kuma ya sake ƙwacewa. Shi a ganinsa duk sati yana cin bawansa da yaƙi. Bai san agogon yana da wani aiki ban da faɗin lokaci ba, ni kuwa ban ga dalilin wahalar da manomi da ilimi ba. Ɗiyata ta saba da cewa sabis ɗin Tambuwal sati-sati yake zuwa.

Damina ta sauka, noma ya kankama, tafiyata ta ƙaru ƙwarai. Har ta kira ta ce, "Baba, ka riƙa ragewa, kada ka wahalar da kanka." Ina kishingiɗe a zaure, tsire a gabana, na ce, "Jiki ya riga ya saba, ɗiyata."

A cikin kwanakin nan ne na fara ganin taubashina yana zama. Mutumin da ban taɓa gani ya nemi kujera ba, sai in gan shi a kan turmin mai fura, yana haki, gumi yana zuba ba rana. Wata rana ya dafa ƙirji ya yi shiru a tsakiyar zagina, bai ƙarasa ba. Na ce, "Bawa, tsufa ya zo karɓar haraji?" Ya ce, "Hura ce tab bi ta wata hanya." Munka yi dariya, na koma wurin raguna.

Wata safiya da hantsi, washegarin kasuwa, ina zaure sai na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ɗiyata ce. Ba Sallah ba, ba suna ba, ba rasuwa ba. Na yi sauri na ja hannun riga har yatsu. Ta durƙusa ta gaishe ni a gajarce, idonta ja, ta miƙo mini wayarta. Layin da ke ƙarƙashin jar zuciyar nan ya zama kamar haƙoran zarto.

"Baba, zuciyarka tana tuntuɓe. Kana zaune tana gudu, kana barci tana gudu. Ba yau ta fara ba, jiya da labarin ya shigo na duba na baya duka. Na nuna wa likita. Ya ce agogo ba likita ba ne, amma a kawo ka yau, kada a kwana. Inna, haɗa masa kaya."

Tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi hannun rigata. Ta shige ciki.

Ni kuwa lissafin dillali ya tashi a kaina. In na yi shiru na bi ta, za a auna ni a ga zuciyata garau, a ce agogo ne ya yi ƙarya, in dawo gida da makullina da kofunana. In na buɗe baki na ce zuciyar ba tawa ba ce, to tafiyar ma ba tawa ba ce, an kuwa tafa. Shiru ya fi riba ta kowace fuska. Sai dai duk inda na juya lissafin sai in ga wancan siririn a kan turmin mai fura, dafe da ƙirji, ga shi gobe zai ɗauki fartanya ya nufi fadama shi kaɗai.

Sai na nemi hanya ta uku, don dillali ba ya rasa ta.

"Ni ba ni zuwa asibiti ba mai riƙe mini buta. A biya Kebbe a ɗauko bawana."

"Baba, Kebbe ba kan hanya take ba."

"To a bar ni in cika a zaurena. Ki gaya ma ƙannenki ke kika hana ni ganin ɗan'uwana."

Ta rufe ido ta buɗe. Ta ce wa direba Kebbe.

Shirina mai kyau ne, har yau ina yaba shi. In mun isa in riga kowa sauka, in ja shi gefe, in ƙwace agogo in ɗaura. In mun je asibiti in ce tunda ga shi ya zo a auna shi shi ma, mu ga wa zai riga wani. Shi ya sami magani, ni in tsira da babur. Na so in kira shi tun a hanya, amma wayarsa tun da ya saye ta a ƙarƙashin filo take zama, wai kada ta tsufa.

Muna shiga layinsu na hango shi zaune a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, da rana tsaka, cikin damina, bai je gona ba. Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Ban gama neman inda ake buɗe ƙofar motar ba ya gane mu. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga hannu sama yadda duk unguwa za ta gani.

"Maraba da ɗiyata! Kin zo ganin agogona? Ga shi nan! Tun kahin ruwan hwari na amshe shi ga wanga bawa, kullum kasuwa sai ya yi kuka in ara mishi!"

Agogo ya buɗe ido. Wayata ta yi rawa a aljihu. Tata ma ta amsa.

Na zauna a kasuwa na ga an kama ɓarawon akuya da akuyar a cikin riga, amma shi ma ya fi ni samun abin faɗa. Ɗiyata ta juyo ta dube ni. Ta dubi cikina, ta dubi fararen kambas ɗin da ke ƙafata, waɗanda ko ƙura ba su sani ba. Sannan ta fita ta durƙusa gaban taubashina, ta kama wuyan hannunsa da yatsu, tana ƙirga bugun zuciyarsa. Ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Baffa, tun yaushe kake haki?"

"Wa ka haki? Haki na bayi na, tambayi ubanki."

"Baffa, shiga mota. Sakkwato za mu."

"Sakkwato? Gero shina jiran maimai, ke ce in tahi Sakkwato? Ba inda za ni."

Ta roƙe shi, ta yi masa bayani, matarsa ta fito ta sa baki, ya kafe. Na ga in an bar su da lallashi za a kai la'asar. Na leƙo ta tagar mota.

"Ƙyale shi, ɗiyata. Allura shika tsoro. Duk gidansu haka suke, ranar kaciyatai sai da anka ciro shi cikin rumbu."

"Ni? Ni ka tsoron allura? Kai da ka suma don ganin rago!"

"To shigo mu gani."

"Matsa can, bawa ba shi zama gaban ubangida."

Ya shigo yana huci, ya zauna kusa da ni a baya. Mota ta tashi. Mun yi nisa sai ɗiyata, tana gaba, ba ta ko waiwayo ba, ta miƙo tafin hannu ta baya. Na yi kamar ina kallon gonaki. Hannu bai koma ba. Na laluba aljihu na fiddo makulli na ajiye mata. Taubashina ya tambayi abin da ake ciki, na ce masa ya ji da hakinsa.

A asibiti sun riƙe shi kwanaki. Sunka ce zuciyar ce, an kuma zo a kan lokaci. Sunka ɗora shi a kan magani, sunka hana shi doguwar tafiya cikin rana da noma mai nauyi. Ni ma ba su bar ni ba. Zuciyata lafiya lau, kamar yadda na lissafa, sai dai sugan da ke sallama a bakin ƙofa ya shigo zaure ya shimfiɗa tabarma.

Ranar da anka sallame shi ɗiyata ta tara mu ta yanke hukunci, ko alƙali sai haka. Wanda aka ce ya yi tafiya ya ƙi, wanda aka ce ya huta ba shi da abin hawa. Saboda haka agogo ya koma hannuna, da gargaɗin cewa za ta riƙa kira ta bidiyo in nuna mata shi. Babur kuma a kai Kebbe, babban ɗan taubashina ya riƙa kai shi gona da asibiti.

"Babur ɗina? Ga wanga?"

"Baba, ai kai ka ce abin da taubashi ya karɓa ba a fushi."

Shi kuwa yana kwance yana dariya har sai da malamar ɗakin ta leƙo ta ce a bar shi ya huta. Ya ce, "Na amshi agogo, na amshi mashin. Saura hula."

Na tambayi ɗiyata yaushe za a maido mini babur. Ta ce in zobe ya riƙa cika da ƙafata har kaka, za a duba. Na san wannan magana. Da ita nake sallamar mai gurguwar akuya. Kaka ta zo ta wuce, an ce jikin Baffa bai gama ƙwari ba.

Yanzu ɗiyata takan zo akai-akai, ta wuce Kebbe ta auna shi, ta biyo ta Tambuwal ta kwana. A zuwanta na biyu ruwa ya ɗiga mata a ka, ta sa anka gyara rufin. Abin da Sallah ta kasa, zuciyar wani ta yi mini.

Ranar kasuwa kuwa da ƙafa nake zuwa tasha, in zauna jiran fasinjan ƙarshe, in sauka a Kebbe in taka har kara. Igiyoyi duk an kame. Na zama gwanin tsofaffin bunsuraye, har ana nemana. Mutanen gari sun daina tsayawa su ce in hau, sun yanke cewa talaucin ne. Zobe yana cika, kambas sun yi baƙi, ramin ɗamarar wandona ya matsa gaba, ba na kuma son a gaya wa likita.

Satin da ya wuce ina tafe tsakanin tasha da kara, rana tana dukana, sai na ji hon a bayana, hon ɗin da na sani kamar muryar 'ya'yana. Ga taubashina a bayan ɗansa, ya harɗe, ya yi ƙiba, har da lema. Ya sa anka tsaya daidai ni.

"Sannu da rana, bawa. Ƙarhe nawa?"

Na ɗaga hannu, agogo ya buɗe ido. Na ƙara masa awa guda, na ce ya yi sauri, lokacin shan maganinsa ya wuce.